Inda Karen Tibet Ya Samo Jininsa

A kan tudun Tibet, inda makiyaya ke kafa baƙaƙen tantunansu na gashin yak a tsayin mita 4,500 sama da teku, baƙon da ya hau daga ƙasa ba ya yin taku mai yawa sai ya tsaya yana haki. Abin da huhunsa ke samu na oksijin a kowace shaƙa bai kai kashi 60 cikin ɗari na abin da ya saba samu a bakin teku ba. Kai ya ɗauki ciwo, zuciya ta riƙa tashi, barci ya gagara. Wanda abin ya yi wa tsanani ruwa kan taru masa a huhu, in ba a sauko da shi da wuri ba sai gawarsa.

A ƙofar tantin kuwa akwai kare ɗaure da sarƙa, mai faɗin kai da geza a wuya, wanda nauyinsa kan kai kilo 60. Yini yake yi a ɗaure. Da dare a sake shi, ya kwana yana zagaya garken yak da tumaki, yana bin kyarkeci da damisar ƙanƙara da gudu a cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Mutanen Tibet suna kiransa do-khyi, Turawa suka sa masa suna mastif na Tibet. Babban jiki iska mai yawa yake ci, gudu kuma ya ninka buƙatar. To daga ina wannan kare ya samo ƙarfin yin aikin da ke kayar da ƙato mai ji da lafiya?

Amsar farko da aka daɗe ana bayarwa tana da daɗin ji, shi ya sa ta yi tsawon rai. An ce shi ne kakan duk manyan karnuka masu faɗin kai da kaurin wuya da ake kira mastif. Dangin nan kuwa tsohon dangi ne. A bangon fadar sarki Ashurbanipal da ke Nineba, a Iraƙi ta yau, an sassaƙa hotunan irinsu wajen shekara ta 645 kafin haihuwar Annabi Isa, ana riƙe da su da igiya za a fita farauta, kuma sassaƙen suna nan a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Girkawa suna da nasu, karnukan Molosawa na yankin Epirus, waɗanda Aristotle ya ambata a littafinsa na dabbobi. Daga baya Ingila ta fitar da mastif ɗinta, wanda wani daga cikinsu mai suna Zorba ya kai kilo 155 a 1989. Masu gadin gandun farautar attajiran Ingila a ƙarni na 19 suka haɗa shi da buldog suka sami bulmastif, karen da zai danne ɓarawon nama ya riƙe shi har maigidansa ya iso. Faransa tana da karen Bordo, Italiya tana da mastif na Napoli da Cane Corso, Afirka ta Kudu kuma ta fitar da boerboel, wanda yau ake ganinsa yana gadi a gidaje a biranen Najeriya.

Marubutan Turai na ƙarni na 19 suka dubi waɗannan duka, suka dubi labarin Marco Polo, wanda a ƙarni na 13 ya ce ya ga karnuka a yankin Tibet masu girman jaki, suka ƙulla zare guda. Wai daga tsaunukan Asiya karen ya gangaro, rundunar Iskandar Mai Girma ko fataken zamanin dā suka kai shi yamma, ya haifi sauran. A 1847 Lord Hardinge, gwamnan Ingila a Indiya, ya aika wa Sarauniya Victoria da guda ɗaya, bayan kafa ƙungiyar masu karnuka ta Ingila a 1873 kuma aka shigar da shi littafinta da sunan mastif, sunan ya zauna. In har shi ne mafi tsufa, to babu wani abin mamaki: ya daɗe a kan tudu, tsawon zamani ya gyara masa jiki.

A 2008 wannan labari ya sami abin da ya yi kama da hujja. Wasu masana a jami'ar aikin gona ta Nanjing suka auna wani ɗan ɓangare na ƙwayoyin gado wanda ake gada daga uwa kaɗai, suka ce zuriyar karen Tibet ta rabu da kyarkeci shekara 58,000 da suka wuce, sauran karnukan da suka gwada kuwa shekara 42,000. Masu kiwon karen don sayarwa suka rungumi wannan adadi hannu biyu. Akwai ma wata alama da makiyaya suka daɗe da sani: karyar Tibet sau ɗaya take neman namiji a shekara kamar kyarkeci, ita a ƙarshen kaka, ta haihu a tsakiyar hunturu, alhali yawancin karnukan gida sau biyu suke yi. Biri ya yi kama da mutum.

Sai dai hujjar tana da rauni. Gadon da ke bin layin uwa labarin kaka guda yake bayarwa daga cikin dubban kakanni, ba ya faɗin komai game da sauran. Haihuwa sau ɗaya a shekara kuma ba karen Tibet kaɗai ke yin ta ba, basenji na tsakiyar Afirka ma haka yake. Ana buƙatar a karanta kundin gadon karen gaba ɗaya, kuma a lokacin kuɗin yin haka bai sauko ba tukuna.

Bakin zaren ya fara fitowa daga wajen mutane. An daɗe da lura cewa wanda ya hau tudu daga ƙasa jikinsa kan mayar da martani ta hanyar ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini. Dabarar tana taimako na ɗan lokaci, amma idan ta daɗe jinin yakan yi kauri, zuciya ta sha wahalar tura shi, mata masu ciki su riƙa haifar jarirai marasa nauyi. Mutanen tsaunukan Andes na Kudancin Amurka suna fama da wannan ciwo. Mutanen Tibet kuwa, kamar yadda Cynthia Beall ta jami'ar Case Western ta shafe shekaru tana aunawa, jininsu ba ya kauri haka. A 2010 ƙungiyoyin bincike daban-daban suka nuna yatsa wuri guda: wata ƙwayar gado mai suna EPAS1, wadda aikinta shi ne ta ji ƙarancin oksijin ta ba jiki umarnin abin da zai yi. Ɗaya daga cikin binciken ya sami wani nau'inta a jikin kashi 87 cikin ɗari na mutanen Tibet, a jikin 'yan ƙabilar Han na ƙasar Sin kuwa kashi 9 kacal. Nau'in na Tibet yana hana jiki wuce gona da iri wajen ƙera jini. Tsarin jin oksijin da wannan ƙwaya take cikinsa shi ne wanda William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka sami kyautar Nobel a kansa a 2019.

Da aka sami wannan, tambayar kare ta sami inda za a nema mata amsa. A 2014 masana a ƙasar Sin suka yi wani aiki da tsarinsa ya burge ni. Sun bi tsohuwar hanyar fatake wadda ake kai ganyen shayi Tibet a dawo da dawaki, hanyar da ke hawa daga kwari zuwa ƙololuwa, suka ɗebi jinin karnuka 60 daga iri shida, kowane iri a nasa tsayin. Hanyar da kanta ta zama ma'auni. Suka karanta kundin gadon kowane kare, suka nemi wuraren da karnukan sama suka bambanta da na ƙasa. Wuri biyu suka fi fitowa fili. Na farko EPAS1, ƙwayar nan da aka gano a jikin mutane, da canje-canje huɗu a cikinta, ɗaya daga ciki yana tafiya da sauƙin gudanar jini a jijiya. Na biyu ƙwayar HBB, wadda ke ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini. Gwargwadon hawan hanya, gwargwadon yawan karnukan da ke ɗauke da waɗannan nau'o'i.

Makiyayi da karensa, ashe, ƙofa ɗaya suka bi. Da an tsaya a nan da an ce an gama.

Amma karatun kundin gadon ya zo da wani abin da ba a nema ba. Idan aka ɗauki kundin gaba ɗaya, karen Tibet ɗan'uwa ne na kusa ga karnukan ƙauye na kwarin ƙasar Sin. Bai tsaya a gefe shi kaɗai a matsayin tsohon kaka ba. A 2017 Heidi Parker da Elaine Ostrander na cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka fitar da taswirar dangantakar iri 161 daga karnuka 1,346, suka raba su gida 23. Mastif na Ingila da bulmastif da buldog da boksa da karen Bordo suka faɗa gida ɗaya na Turai. Karen Tibet bai shiga wannan gida ba, yana can tare da karnukan gabashin Asiya irin su chow chow da akita da shar-pei. Kamannin da ya yaudari marubutan ƙarni na 19 aiki ne ya haifar da shi: duk al'ummar da take son karen da zai tare kyarkeci ko ɓarawo sai ta zaɓi mai girma da faɗin muƙamuƙi, kuma an yi wannan zaɓi a wurare daban-daban ba tare da wani ya ji labarin wani ba. Wannan shi ya rushe labarin kakan mastif, kuma ina ganin ya kamata masu rubutu a kan karnuka su daina maimaita shi.

Rushewarsa ta dawo da tambayar da ƙarfi fiye da dā. In karen Tibet ɗan kwari ne da ya hau tudu tare da mutane, to bai sami dogon zamanin da ake zato ba. Canji mai amfani a ƙwayar gado abu ne da ke faruwa jefi-jefi, ba ya zuwa don ana buƙatarsa. Ga shi kuma an sami canje-canje da yawa a jere, a wuri biyu mabambanta, ɗaya a kan sandar gado ta 10, ɗaya a kan ta 21. Kuma yankunan nan biyu sun yi nesa da na sauran karnuka fiye da yadda ɗan gajeren zamani zai iya bayyanawa. Sun yi kama da baƙin kaya a jikin kare.

A shekarar 2014 ɗin nan dai aka sami amsar irin wannan matsala a wajen mutane. Emilia Huerta-Sánchez da Rasmus Nielsen na jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka ga cewa nau'in EPAS1 na mutanen Tibet ya bambanta ƙwarai da na sauran al'ummomin duniya. Suka gwada shi da duk abin da ke hannunsu, bai dace da kowa ba sai da kundin gadon da aka ciro daga wani ɗan guntun ƙashin yatsa da aka tono a 2008 a kogon Denisova, a tsaunukan Altai na Saberiya. Ƙashin na wata yarinya ce daga wasu mutanen dā da suka shuɗe. Kakannin mutanen Tibet sun yi auratayya da su, suka gaji wannan ƙwaya. Daga baya, a 2019, aka tabbatar da cewa wani muƙamuƙi da wani malamin addinin Buddha ya tsinta a 1980 a kogon Baishiya, mai tsayin mita 3,280 a gefen tudun Tibet, na waɗannan mutane ne, kuma shekarunsa sun kai 160,000. Da alama tsofaffin mazauna tudu ne suka ba baƙi abin da za su rayu da shi.

Wane ne tsohon mazaunin tudu a dangin kare? Makiyayi ba ya buƙatar a gaya masa, shi ne wanda ke zuwa masa garke da dare. Kyarkecin Tibet, wanda ake kuma kira kyarkecin Himalaya, ya riga kare zama a wurin da zamani mai tsawo, kuma wani bincike na 2014 ya riga ya nuna cewa shi ma EPAS1 ɗinsa ta daban ce da ta kyarketan kwari.

Zato dai ba hujja ba ne. Kama tsakanin kare da kyarkeci a wuri guda tana iya zuwa ta hanya uku. Mai yiwuwa kowannensu ya sami canjin da kansa, tunda matsala ɗaya suke fuskanta. Mai yiwuwa tsohon gado ne daga kakan da suka haɗa, wanda ya ɓace a jikin sauran ya tsira a nasu. Ko kuwa sun haɗu sun haihu. Benpeng Miao da Zhen Wang da Yixue Li na cibiyar nazarin halittu ta Shanghai suka zauna rarrabe waɗannan uku, aikinsu ya fito a mujallar Molecular Biology and Evolution a 2017.

Hanyar da suka bi irin wadda masu nazarin tsofaffin littattafan hannu ke bi ce. Marubuta biyu suna iya yin tuntuɓen alƙalami a kalma guda kowa da kansa. Amma idan shafi guda cur ya zo iri ɗaya a kwafi biyu, har da ƙananan kurakuran da ba su canza ma'ana ba, kowanne a gurbinsa, to ɗaya daga ɗaya aka kwafa. Da a ce kare da kyarkeci kowanne ya sami canjin da kansa, da wurin da ke da amfani kaɗai zai yi kama, abin da ke kewaye da shi ya bambanta. Abin da suka tarar shi ne dogon yanki ya zo iri ɗaya. Hanya ta farko ta faɗi. Da kuma tsohon gado ne tun daga kakan farko, da tsawon zamani ya yayyanka yankin ya kuma tara masa sababbin bambance-bambance, domin kowace haihuwa tana cakuɗa gadon uwa da na uba. Yankin kuwa yana nan da tsawonsa, kuma tazarar da ke tsakanin na kare da na kyarkeci a wurin ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Hanya ta biyu ma ta faɗi. Idan aka zana bishiyar dangi da kundin gaba ɗaya, karen Tibet yana zaune da karnukan Sin. Idan aka zana ta da EPAS1 ko HBB kaɗai, sai ya tashi ya koma kusa da kyarkecin tudu. A 2017 ɗin nan Bridgett vonHoldt ta jami'ar Princeton da abokan aikinta suka kai ga wannan matsaya a kan EPAS1 ta nasu binciken.

Masanan Shanghai sun ƙiyasta cewa haɗuwar ta faru wajen shekara 24,000 da suka wuce. Wannan adadi lissafi ne da aka ɗora a kan saurin canjin ƙwayoyin gado, ba ƙashi aka tono ba, don haka ban ɗora masa nauyin da na ɗora wa sauran ba. Abin da ya tabbata shi ne yadda abin ya gudana. 'Ya'yan da aka haifa tsakanin kare da kyarkeci suka koma cikin karnuka, zuriya bayan zuriya gadon kyarkecin yana narkewa, har ya kusa ƙarewa. Yankuna biyun nan kuwa suka ƙi narkewa, domin kwikwiyon da ya gaje su ya fi rayuwa a hunturun tudu, ya fi kai wa ga haihuwa. Irin wannan musaya ta taɓa bin ɗaya hanyar ma: baƙin gashin kyarketan Arewacin Amurka, kamar yadda aka nuna a 2009, daga karnuka suka samo shi.

Saura a ga ko abin da aka ara yana aiki da gaske, domin ganin canji a rubuce daban, ganin amfaninsa daban. Anthony Signore da Jay Storz na jami'ar Nebraska suka ɗauki wannan a 2019. Himogulobin ɗin karen Tibet da na kyarkecin Tibet sun bambanta da na sauran karnuka a gurbi biyu maƙwabtan juna. Suka ƙera sinadarin a ɗakin gwaji, wani da canji na farko kaɗai, wani da na biyu kaɗai, wani da duka biyun. Kowanne shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Da aka haɗa su, sai ƙarfin kama oksijin ya ƙaru da kusan rabi. Wannan ya ƙara ɗaure kai, domin idan canji ɗaya ba shi da amfani sai da ɗan'uwansa, me zai riƙe na farko har na biyu ya zo? Suka bi sawu suka gano cewa tare suka zo. A kusa da ƙwayar da ke aiki akwai wata tsohuwar ƙwaya irinta wadda ta daɗe da daina aiki, canje-canjen biyu suna kwance a cikinta ba su amfanar kowa. A jikin wani kyarkeci na zamanin dā aka sami kuskuren kwafi, wani yanki na matacciyar ya hau kan mai rai, da canje-canjen biyu a lokaci guda. Wannan ɓangare na labarin shi ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa abin da aka ɗauka shara ne a kundin gado yana iya zama ajiya.

An kai ga kyarkeci, sai kuma aka tarar shi ma ba a kansa zaren ya ƙare ba. A 2020 Ming-Shan Wang da abokan aikinsa suka sake duban EPAS1 ɗin da karnuka da kyarketan tudu suke ɗauke da ita, suka ga ta yi nisa da ta duk wani kyarkeci ko kare da ke raye a yau, nisan da ya wuce abin da tarihin kyarkecin Tibet kansa zai bayyana. Lissafinsu ya nuna akwai wata tsohuwar zuriya mai kama da kyarkeci, wadda ta rabu da sauran tun da daɗewa, ta ba da kimanin kashi 39 cikin ɗari na kundin gadon kyarkecin Himalaya, kuma daga wajenta wannan ƙwaya ta fito. Ba a da ƙashinta, ba a da sunanta, sawunta a jinin jikokinta kaɗai aka gani. Jerin ya zama hawa uku: daga wannan dabba zuwa kyarkeci, daga kyarkeci zuwa kare.

A shekarun da masana ke wannan aiki, karen kansa yana cikin wani hali. Attajiran ƙasar Sin sun mayar da shi abin nuna arziki. A 2011 aka sayar da wani ja mai suna Hong Dong a kan yuan miliyan 10, a 2014 kuma aka ba da labarin wani da aka saya yuan miliyan 12 a lardin Zhejiang, kusan dala miliyan biyu. Gidajen kiwo suka cika ƙasar, ana haɗa shi da wasu irin don a ƙara masa gashi da girma, ana tallarsa da labarin nan na kakan karnuka. Kafin 2015 ta ƙare kasuwar ta faɗi warwas. Masu kiwo da yawa suka rufe, aka saki karnuka a lardin Qinghai da sauran sassan tudun, suka zama na sake, suna yawo gungu-gungu a kewayen garuruwa da gidajen ibada, suna cizon mutane, suna farautar namun daji, har suna ƙwace wa damisar ƙanƙara abin da ta kama.

Wanda ya ba da aron kuma shi ke cikin hatsari yanzu. A 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kyarkecin Himalaya a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, ta ƙiyasta cewa manyan da suka rage tsakanin 2,275 ne da 3,792. Makiyaya suna kashe shi saboda dabbobinsu, wuraren zamansa suna raguwa. Cikin barazanar da aka lissafa har da haɗuwa da karnukan sake, musamman a Ladakh da Spiti na arewacin Indiya, inda yawan karnukan ya rinjayi na kyarketai nesa ba kusa ba, ta yadda a wannan karon gadon kyarkecin ne ke iya narkewa a cikin na kare.